Man Gyaɗa a Chennai, da Namu na Bauchi

Ba abin da ke ƙona min rai a Chennai kamar kuɗin man gyaɗa. Kwalba biyu a kanta ɗaya, amma wadda aka rubuta wa marachekku ta kusa ninka 'yar'uwarta. Marachekku turmin katako ne da taɓarya, da can shanu ke juyawa, yanzu inji, sannu a hankali. Jinkirin nan suke sayarwa da tsada.

Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne. Injin matsa na ƙarfe, idan aka ɗaure bakinsa tamau, kashi 5 zuwa 8 cikin 100 kawai yake bari a tunkuza. Manyan masana'antu kuma sukan bi ragowar da sinadarin heksen har ya gaza kashi 1. Turmin nan yakan bar fiye da kashi 10, shi ya sa tsadar. Amma yawan matsi zafi yake haifarwa, man ya yi duhu, ya yi laka, ƙamshin ya koma ƙauri, sai an tace shi da sinadarai, ya fito fari fes ba ɗanɗano.

Nan nake jin kaina. Iyayenmu mata da ke kai mai kasuwar Muda Lawal da Wunti ba sa matse tunkuza ƙarƙaf, shi ya sa ƙuli-ƙulinmu ke da garɗi, kuma man Chennai bai kama ƙafar namu a ƙamshi ba, don mu sai mun soya gyaɗar. Sai dai ina kishin tsarin 'yan Chennai. Kwalba a rufe, da ranar matsewa a jiki. Namu kuwa a tsohuwar robar ruwa, cikin rana, ana taya shi a wulaƙance.

Wanda ke nan Chennai, ba dole ya biya ninkin ba, zai iya matse nasa a gida. Tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi tukuna, a cikinsu gubar afalatoksin ta fi yawa. Soya sama-sama, ka murje, ka markaɗa. Ruwan zafi cokali-cokali, kana juyawa har man ya tsatso. In ka kwarara da yawa, ya shige ke nan. Bar shi ya kwana biyu lakar ta kwanta, sannan ka juye a kwalbar gilashi, nesa da rana.

Masu injin matsa a Bauchi, don Allah ku ɗan sassauta bakin injin, ku ware matsin farko ku sa masa kuɗinsa daban.