Ku daina ce wa matafiya "tana yi ko'ina"

Tun azahar raina yake ɓace, na so in haƙura in kwanta amma abin ya ƙi barina, shi ya sa yau ma za ku gan ni da dogon rubutu. Yaron nan mai aski da ke kusa da shagona, wanda na taɓa ba ku labarin yadda ya fara da kujera ɗaya a bakin hanyar Tawa, yayansa da ke Amurka ya aiko masa da injin aski sabo fil a kwali. Ƙafafun filogin masu faɗi ne, ba sa shiga soket ɗinmu. Ya shiga kasuwa, wani mai tebur ya miƙa masa adafta ya ce, "Ai wannan tana yi ko'ina, har Makka." Ya dawo da murna ya jona. Injin ya yi ƙara, ya yi ƙauri, ya mutu a hannunsa kafin ya aske kai ko ɗaya. Da ya kawo mini na juya bayansa, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: 120V, 60Hz. Wutar NIGELEC kuwa volt 220 ce, kusan ninki biyu ke nan.

Asarar injin ta dame ni, amma maganar nan ta "tana yi ko'ina" ta fi ci mini rai, don ita ake faɗa wa duk mai shirin tafiya. Mu kuwa a Adar tafiya gadonmu ce. Da an gama girbi za ka ga motoci cike da samari daga Badagishiri, Illela, Malbaza, sun nufi Abijan, Kwatano, Lome, Kumasi, Legas, Kamaru, wasu Aljeriya da Libiya. Ga iyayenmu masu zuwa Hajji da Umara. Kowannensu salula ce igiyar da ta haɗa shi da gida, da ita ake aiko kuɗin cefane, da ita ake sanar da haihuwa da rasuwa. Mutum irin wannan ne za ka yi wa ƙarya a kan abin jika guda?

Adafta kamar mazurari take: tana daidaita baki da baki, amma abin da ka zuba shi ne zai fito. Ba ta ragewa, ba ta ƙarawa. Mai rage ƙarfin wuta ko ƙara shi taransifoma ce, kuma ta gaskiya tana da nauyi a hannu saboda ƙarfe da jan ƙarfen da ke cikinta. Abu biyu ne daban, tambaya biyu ce daban. Ta farko, ƙafar filogina za ta shiga soket ɗin ƙasar da za ni? Ta biyu, kayana za su ɗauki wutar can?

Ta farkon mai sauƙi ce, galibi ma gadon Turawan mulki ne. Inda Faransa ta zauna, irin su Kodebuwa, Benin, Togo da Aljeriya, ƙafa biyu zagayayyu ake yi kamar namu, cajarka za ta shiga ba gardama. Kana ƙetara Ƙonni ka shiga Najeriya sai ka tarar da mai ƙafa uku masu kusurwa, irin wanda Ingila ta fito da shi a 1947. Haka Gana, haka Dubai, haka Saudiyya a yanzu. Duk waɗannan ƙasashe wutarsu tsakanin volt 220 da 240 take, saboda haka adafta mai kyau kaɗai kake buƙata. Inda labari yake canzawa shi ne Amurka da Kanada masu 120, da Japan mai 100. Saudiyya tana da nata sha'anin: tun 2010 gwamnatinsu ta yanke shawarar komawa 230, amma a da ana haɗa 127 da 220, don haka in masaukinka tsohon gini ne ka tambayi masu kula da shi kafin ka jona abu mai tsada.

Ta biyun kuma amsarta tana bayan kayanka, da ƙananan baƙaƙe. Juya cajarka yanzu ka duba. In ka ga 100–240V, 50/60Hz, to wannan da gaske tana yi a kowace ƙasa, baki kawai za ka canza mata. Yawancin cajar salula da ta kwamfuta haka suke. In ka ga lamba ɗaya tak, 120V ko 220V, nan ne za ka tsaya ka yi tunani. Kuma ko taransifoma ba komai take gyarawa ba. Injin askin nan irin mai karkarwa ne, bugunsa yana bin bugun wuta. An ƙera shi a kan 60Hz, namu 50Hz ne, ko da ya samu taransifoma zai yi ta ƙara yana zafi, askin bai fita yadda ya kamata ba. Ƴan uwa da ke waje, don Allah in za ku aiko da kaya ku nemi mai 100–240, ko mai batir da ake caji. Mun san guminku ne, bai kamata ya ƙone a daƙiƙa biyar ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin alhazai. Na zauna a irinsa, na ga abin da ake yi. Mutum huɗu ko biyar, soket biyu, sai a jona ralonji ɗaya, a ɗora masa salula, butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa, wata Hajiya ma ta zo da hita ta dama kunu. Butar lantarki ita kaɗai tana jan wat 1500 zuwa 2000. Wat 2000 a kan volt 220 kusan amfiya 9 ke nan, duk ta cikin ƴar adaftar roba mai ƙarfe siriri. Tana ɗumi, ta yi laushi, ta narke. In adafta ta yi zafi har ba ka iya riƙe ta, cire ta, kada ka ce bari ruwan ya tafasa tukuna. Shawarata a kan duk abin da ke dafa ruwa ko guga ita ce ka bar shi a gida, ka sayi na can mai filogin can. Waɗanda suka manyanta suna tuna gobarar Mina ta 1997 da ta cinye rayuka sama da 300. Ba lantarki ne ya tayar da ita ba, tukunyar gas aka ambata, kuma bayanta ne aka kafa tantunan da ba sa kama wuta. Amma wanda ya san wannan tarihi ba zai yi wasa da zafi a inda jama'a suka cunkushe ba.

Sai dabarar nan ta cusa tsinke ko murfin biro a ramin sama don a tura caja mai ƙafa biyu cikin soket mai uku. Ramukan ƙasa suna da ƙofa ne da gangan, saboda yara. Filogi mai ƙafa uku kuma yana da fis a ciki, wanda bai wuce amfiya 13 ba, shi ke yankewa in kaya sun yi yawa. In ka tura da ƙarfi ka tsallake duk wannan kariya, ƙafar ma ba ta zauna daidai, tana tartsatsi a ciki ba ka gani. Nemi adafta mai fis, wadda filogi ke shiga ya kama gam. Fawa bank kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma ƙa'idar yawancin jirage kada ya wuce 100Wh; mai 20,000mAh yana wajen 74, ya wuce lafiya.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce mai zuwa ɗakin Allah da tawakkali yake tafiya, me ya kawo maganar soket. To ai da tawakkalin muke ɗinka musu kaya, mu daka musu yaji, mu ƙulla kilishi da garin kunu, babu wanda ya kira wannan raunin imani. Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ta ɓace wa ƴan ɗakinta a Mina, salularta a mace, ɗanta yana nan Badagishiri yana bugawa ba ta shiga, wa ya ja mata wannan? Mu da muka yi lakkwal muka iya karanta lambobin nan, haƙƙin a wuyanmu yake. Ba a raka uwa tasha da hawaye alhali ba a juya bayan cajarta an duba ba.

Za a kuma ce ina ɓata wa ƴan kasuwa ciniki. Ban ambaci sunan kowa ba kuma ba zan ambata ba. Da yawansu su ma ba su sani ba, a haka aka sayar musu a Sakkwato ko Kano suka ɗauko. Amma ɗan uwa, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ciniki amana ne, kuma kalmar da ka faɗa don jika guda wani jarinsa gaba ɗaya ya ɗora a kanta. Ka tambayi mai saye ina za shi, me zai jona, sannan ka miƙa masa kaya.

Waɗanda za su ce talla nake yi, kun san shagona, gyara nake yi, ba na sayar da adafta ko taransifoma. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke shirin tafiya bana, ko shi kansa zai tafi ci-rani, ya ɗauki hoton rubutun bayan cajarsa da na duk abin da zai jona, ya turo mini tare da sunan ƙasar. Wanda ke kusa ya kawo su shago bayan la'asar, ban da ranar kasuwa, zan duba masa kyauta.