Kwanan Bukka A Kan Dutsen Kamaru Mai Aman Wuta

 A wannan wata za mu leƙa maƙwabciyarmu Kamaru, garin Buya da ke Kudu maso Yammacin ƙasar, kimanin kilomita 70 daga Duwala. Garin yana kwance ne a gindin Dutsen Kamaru, wanda ake kuma kira Fako. Tsawonsa ya kai mita 4,040, ya fi kowane dutse a wannan yanki namu na Afirka. Don ki kwatanta, Cappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Wannan dutse ba matacce ba ne, yana aman wuta lokaci zuwa lokaci. A 1909 ya yi girgizar da ta sa Jamusawa masu mulkin mallaka suka kwashe ofisoshinsu daga Buya suka koma Duwala. A 1999 narkakken dutse ya gangaro ya datse hanyar mota ta bakin teku yamma da Limbe, ya tsaya dab da ruwa. A 2000 ma ya sake yi. Duk da haka mutanen wurin, ƙabilar Bakweri, ba su tashi ba, saboda tokar dutsen ta mayar da ƙasarsu mai albarka, ayaba da ganyen shayi da kwakwar manja sai wanda ya gani.

Kada ki ce wannan harkar maza ce. Tun 1973 ake tseren hawa dutsen, kuma wata mata 'yar yankin, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta ci tseren mata har sau bakwai, shi ya sa ake mata laƙabi da Sarauniyar Dutse. Tun a 1895 ma wata Baturiyar Ingila, Mary Kingsley, ta hau shi, a zamanin da matansu ke yawo da dogon siket har ƙasa. Ke nan sutura ba ta hana hawa. Amma ki lura, gwanayen tsere su ne ke hawa su sauko a yini guda. Ni da ke kwana biyu ko uku muke bukata, kuma dole a kwana a kan dutsen. Wannan kwanan shi ne ƙashin bayan tafiyar.

Shirin daga gida yake farawa. Tafiya ce da maigida ko wani muharrami, kuma ba ta ƙananan yara ba ce, don haka ki fara tunanin hannun da za ki bar su. Ku zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Maris, domin daminar yankin ba wasa ba ce: ƙauyen Debunca da ke gindin dutsen ta ɓangaren teku yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. Sannan ku binciki halin tsaro kafin ku sayi tikiti. Tun 2017 rikicin 'yan aware ya taɓa yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi, Buya na ciki, har an sami fashewar abubuwa a wurin tseren 2023. Ku bi ta jirgi zuwa Duwala maimakon hanyar mota ta kan iyaka, ku tambayi 'yan'uwanmu Hausawa mazauna can, irin na unguwar New Bell. Idan suka ce a dakata, a dakata. Kada ki manta da katin rigakafin shawara.

Sai maganar lafiya. Mai juna biyu ta haƙura. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ta ga likita tukuna. Mai sikila kuwa kada ta soma, domin ƙarancin iska yana tayar da ciwon. Ko mai AS ta faɗa wa likita inda za ta. Wata biyu kafin tafiya ki riƙa tattaki kullum, ki hau Dala ko Goron Dutse ko Kufena ko tudun da ke kusa da ke, da takalmin da za ki tafi da shi. Sabon takalmi a kan dutse, kumburin ƙafa ne.

Tun 2009 dutsen ya zama gandun da hukuma ke kula da shi, don haka ku yi rajista a Buya, ku ɗauki ɗan jagora da 'yan dako, ku daidaita kuɗi da wurin kwana tun a ƙasa. Ki tambaya ƙarara: wa zai yi girki, kuma za a sami inda za ki keɓe? Ki riƙe guzurinki na gida: dabino, kilishi, dambun nama, dakuwa, garin kunu da kayan shayi. Ba sa lalacewa, ba nauyi, kuma kin huta da shakkar abin da aka yanka.

Ranar farko za ku ratsa gonaki ku shiga daji mai duhu da laima har Bukka ta Ɗaya. Daga nan itatuwa su ƙare, sai ciyawa da baƙin dutse da hawa mai tsayi har Bukka ta Biyu, wajen mita 2,800, inda aka fi kwana. Kada ki sa ran otal. Abin da za ki samu shi ne rufi, da wurin shimfiɗa, da iska mai kaɗawa. Duk mita 1,000 da kika hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga shi a ƙololuwa sanyin yakan kai na ƙanƙara. Sanyin Jos wasa ne. Ki sa dogon wando mai kauri a ƙarƙashin riga mai tsayawa a gwiwa ko ƙasa kaɗan, da suwaita biyu, da rigar ruwa, safar hannu da hular sanyi a ƙarƙashin gajeren hijabi. Dogon hijabi iska za ta riƙa fizgarsa, ki kuma taka shi. Ki riƙe tocila da bargon nan mai zif da ake shiga ciki.

Ruwa yana wuya a sama, domin dutsen shanye shi yake yi, sai abin da aka ɗauko. Addini kuwa ya sauƙaƙa wa matafiyi: akwai ƙasaru, akwai haɗa salloli, akwai taimama idan ruwan bai wuce na sha ba ko sanyi zai cutar. Ki tambayi malami kafin ku tashi. Alƙibla daga can tana gabas maso arewa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Daga mita 2,500 jiki yakan fara jin ƙarancin iska, a ƙololuwa kuwa abin da kike shaƙa bai fi kashi 60 cikin 100 na bakin teku da yawa ba. Daren bukka shi ne zai faɗa miki gaskiyar jikinki. Ɗan ciwon kai da rashin barci ba baƙon abu ba ne. Ki sha ruwa, ki ci abinci ko ba kya marmari. Amma idan kika wayi gari da amai, ko jiri, ko ciwon kan da ya ƙi jin magani, kada ki ƙara taku ɗaya sama. Idan aka kai ga numfashi sama-sama alhali kina zaune, ko tangaɗi, ko ruɗewa, a sauka nan take ko da dare ne. Maganinsa sauka. Mu mata mun saba da cijewa, mu ce kada a yi asarar kuɗi, kada maigida ya ji ba daɗi. A nan cijewa ganganci ne. Shi ma maigidan ki sa masa ido, domin maza ba sa son a ce sun gaza. Ku yi alkawari tun a gida: duk wanda jikinsa ya ƙi, ku biyu za ku juya.

Idan kuwa Allah Ya ba da lafiya, za ku tashi kafin asuba, ku wuce Bukka ta Uku a hankali, taku kaɗan hutu kaɗan, cikin baƙin yashi da ramukan da wuta ta taɓa fita. A ƙololuwa za ki ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarki, in an yi sa'ar garau ki hango teku da tsibirin Biyoko. Nan bakinki zai cika da tasbihi ba wanda ya tuna miki. Kada ku daɗe, ku ɗauki hoto ku juyo, domin gangarowa ta fi cin gwiwa.

Ko kin kai ƙololuwa ko kin tsaya a Bukka ta Biyu, kin ga ikon Allah. Dutse yana nan inda yake, yara kuwa suna gida suna jiran tsaraba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.