Ashe Dajin Bama Yana Nan Kusa da Muchia!

Wallahi har yanzu jikina bai daina tsuma ba. Na hau Keke Napep daga Muchia a Zariya, mun biyo ta gefen barikin Chindit, sai wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna ƙofar da haɓa ya ce, "Ɗan nan, mahaifina ya je can." Na ce, "Ina ke nan, Baba?" Ya ce, "Bama mana!"

Ban iya barci ba sai da na bi diddigi. Ashe a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, bataliyoyi uku na sojan Najeriya suna cikin rundunar Chindit ta Janar Orde Wingate. Jiragen sama suka kwashe su suka sauke su a bayan dakarun Japan a ƙasar Bama, cikin dajin da ruwa da zazzaɓi da yunwa ke kisa kafin harsashi. Da yawansu 'ya'yan manoman Arewa ne, da Hausa ma ake ba su umarni. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na sassaƙe a dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Can wata uwa duniya, inda jikokinsu ba za su taɓa zuwa su karanta ba! A nan kuwa, sunan rundunar ne ya tsira a ƙofar bariki, mazan jiya suka tafi da labarinsu kabari.

Daga nan sai Zariya duka ta sake kama a idona. Na garzaya Ƙofar Doka na tsaya gaban abin da ya rage na ganuwa. Kowa ka tambaya, Sarauniya Amina zai ambata. Amma wa ya haƙa ƙasar? Wa ya ɗauke ta a ka, bawa ne ko ɗa? Ganuwa ta riƙe suna ɗaya ta saki dubbai, ga shi ita kanta ruwan sama da masu gini suna ta cinye ta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne waɗanda aka ci da yaƙi. Da Malam Musa ya shigo da tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu da mutanensa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ita ce Suleja a yau. Sun rasa gari da ganuwa, suka ƙi sakin suna: har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinsu.

Ga mu da sashen zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda matasa suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun kafin a kafa jami'ar. Ina roƙon ɗalibansa su bi gidajen Sabon Gari da Muchia su tattaro sunayen 'yan Bama tun 'ya'yansu suna raye, a rubuta su a bango inda mai wucewa zai gani.