Yini Guda a Makarantar 'Yata

A ƙarshen zangon karatu na biyu 'yata ta kawo takardar sakamako mai shafi biyu. Shafin farko da Larabci yake: Alƙur'ani, tajwidi, hadisi, fiƙihu, tauhidi da sira. Na biyu da Turanci: lissafi, kimiyya, zamantakewa, kwamfuta da sauransu. Shekarunta takwas, tana aji uku, ta haddace izu biyar, kuma ita ce ta huɗu a ajinsu. Da daren nan gwaggonta ta turo saƙon taya murna ta wayata, layi biyu da Hausa. Na miƙa mata na ce ta karanta. Ta yi ta kokawa da haruffan, tana furta su kamar na Turanci, daga ƙarshe ta ce, "Abba, ba a koya mana wannan ba." Sai na gwada ta wani gefen: idan ƙwai ɗaya naira ɗari biyu ne, nawa ne kuɗin bakwai? Yarinyar da ke rera jadawalin sau har zuwa sha biyu ba gargada ta dube ni ta ce, "Tarawa za a yi ko sau?"

Da aka koma hutu na nemi izinin zama a makarantar yini guda, aka ba ni.

Irin wannan makaranta, mai haɗa boko da addini a ƙarƙashin rufi ɗaya, tana da dogon asali a Kano. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, inda aka zaunar da ilimin zaure a kan benci, da jadawali da jarrabawa. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suka kai wannan tsari ga ƙananan yara ta hanyar makarantun Islamiyya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwan gwamnati, amma bai kawar da fargabar iyaye game da tarbiyya ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ta ɗaga darajar hadda da tajwidi a idon 'yan boko. Da makarantun kuɗi suka yawaita, sai suka ɗauki manhajar gwamnati sukutum, don yara su iya zana jarrabawar shiga sakandare, suka ɗora ta Islamiyya a kanta. Ba a rage komai daga ko ɗaya ba. Shi ya sa 'yata ke fita ƙarfe bakwai, ba ta dawowa sai bayan la'asar.

Abin da na gani da safe ya ba ni kunya, domin na je ne da zargin cewa hadda ce ta dakushe mata tunani. Yara goma sha biyu ne ke zagaye da malama ɗaya a kan tabarma. Karatun kowa kashi uku ne: ƙarin yau, bitar na kwanakin nan, sai tilawar tsohon karatu don kada ya zube. Kowace yarinya sai ta zo gaban malama ita kaɗai ta biya. Idan ta taƙaita madda ko ta haɗiye gunna, a nan take za a gyara, kuma ba za a ƙara mata ko aya ɗaya ba sai ta jiya ta zauna. Malamar ta san wadda ke rikita ayoyi masu kama da juna, ta san wadda barci ke ɗauka. Wannan gadon makarantar allo ne, inda ba a wanke allo sai an biya, inda yaro ke bi ta babbaƙu ya san haruffa, ya shiga farfaru ya san wasulla, kafin a sake shi ya haɗa baƙi. Kwararrun koyar da karatu na zamani ma daga sautin harafi suke farawa. Abin da ya sauya shi ne bugaggen Alƙur'ani ya maye gurbin allo da tawada, riwayar Hafsu kuma ta maye gurbin Warshu da kakanninmu suka yi karatu da ita, har kakar yarinyar kan yi zaton an yi kuskure a wasu wuraren.

Ƙarfe goma da rabi aka shiga ɓangaren boko, yara arba'in a aji. Malami ya rubuta ma'anar "iyali" da Turanci a allo, ya karanta, yara suka amsa da murya ɗaya har sau biyar, sannan suka kwafa. Babu wanda aka tambaya su nawa ne a gidansu. Haka lissafi, haka kimiyya. A nan na gane cewa ajin boko ya ari amshi daga makarantar allo, ya bar sauraron yaro ɗaya bayan ɗaya da ƙin wucewa sai an iya. Ban ga laifin malamin sosai ba: an ba shi jerin darussan da dole ya ƙare kafin jarrabawa, a rabin lokacin da aka tsara musu.

Ga kuma batun harshe. A wannan ɓangaren yin Hausa laifi ne, akwai mai rubuta sunan 'yan banakula. Alhali a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, a 2022 ma gwamnatin tarayya ta sanar da faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare. Takarda daban, aji daban. Yarinya mai shekara takwas tana haddace Larabcin da ba ta ji, tana kwafar Turancin da ba ta gama ji ba, harshen da take tunani da shi kuwa an bar shi a bakin ƙofa.

Sai bayan azahar Hausa ta samu shiga, a darasin Ahlari. Malamin ya karanta jimla da Larabci, ya fassara, kamar yadda ake yi a zaure tun tale-tale, sannan ya fita da su bakin famfo kowa ya yi alwala a gabansa. Nan ne kaɗai a yinin na ji yara suna tambaya. Wani yaro ya ɗaga hannunsa mai filasta ya ce, shi fa yaya zai wanke? Aka tsaya a kan wannan minti goma, babu mai hamma.

Da na shiga ofishin shugaban makarantar na zayyana masa abin da na gani, bai musa ba. Ya ce, "Malam, abu biyu iyaye ke aunawa: izu nawa, da kuma ko yaro na jin Turanci. Ranar da na sa Hausa a jadawali na rage hadda, zangon gaba rabin ajin ya koma makarantar da ke bayanmu." Na yi shiru, domin na tuna bidiyon karatunta da na sa a Facebook ranar da ta cika izu biyar, da yadda na riƙa leƙawa ina ƙirga masu sa albarka. Ban taɓa ɗaukar ta tana lissafa canjin cefane ba.

Ni da mahaifiyarta mun yi mako biyu muna ja-in-ja a kan ko a cire ta. Ba mu cire ta ba, saboda malamar safe da kuma bakin famfon nan. Mun dai roƙi a rage mata ƙarin hadda zuwa rabi, aka yarda bayan an tabbatar mana cewa ba za ta yi sauka tare da 'yan ajinsu ba. Wannan ya yi mata ciwo, ta yi kuka, kuma har yanzu idan an yi zancen walima takan sunkuyar da kai.

Lokacin da aka samu muna cike shi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam bayan sallar isha'i, shafi ɗaya ni, sakin layi ɗaya ita. Mun yi kwana uku a kan bambancin k da ƙ. Jiya ta tsaya a tsakiyar labari ta tambaye ni me ya sa Waziri bai kashe aku tun farko ya huta ba.