Mako goma sha ɗaya Gimbiya tana yajin cin abinci

Jama'a, tunda kowa ya gan ni sai ya ce "Gardi, ya Gimbiya, ta ci kuwa?", bari in amsa muku gaba ɗaya in huta. Ta ci, alhamdulillahi. Amma sai da ta kwashe mako goma sha ɗaya bakinta a rufe. Mu da muka ga yajin aikin wata takwas a 2022 mun ɗauka mun ƙware a zaman jira, ashe da saura.

Ga wanda bai san ta ba: Gimbiya mesa ce, amma ba babbar mesar nan mai haɗiye akuya ba. Ƙaramar ce, wadda in ta tsorata take dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Masana suna kiranta Python regius, wato mesar sarauta, daga nan sunan ya fito. Ba ta da dafi, tsawonta mita ɗaya da 'yan kai. 'Yar yankinmu ce, daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da irinta zuwa Amurka da Turai. Wani babban yayanmu a sashe ne ya bar mini ita a watan Nuwamba, da ya gama digirinsa na uku zai bar Ibadan. Da na faɗa wa Umma a waya, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, karatun dabbobi aka tura ka ko wasan maciji?"

Matsalar tana wajen cimarta. Shekara uku ana ba ta ɓerayen da yara ke kamowa a gonaki da tarko, da ransu. Ni kuwa tun ranar farko na ce ba a ɗakina ba. A cikin ɓerayen nan akwai mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno. Ta fitsarinsa da kashinsa take kama mutum, kuma da rani ta fi tashi. Ondo tana nan kusa da mu, kun san yadda ake fama a can duk shekara. Gidan hayarmu mu tara ne, madafa ɗaya, har da mai goyo. Ban da wannan, ɓeran waje yana iya cin guba ya shigar wa macijin, kuma ɓera mai rai in aka bar shi da mesar da ba ta son ci, shi ne zai gwaguye ta. Saboda haka zaɓi ɗaya ne: farin ɓera na kiwo, irin wanda ake yi wa ɗakunan gwaje-gwaje, a yanke masa wahala tun a wajen mai kiwon, a ajiye a firiza.

Gimbiya ta ce ba ta san zancen ba. In na miƙa mata, sai ta fito da harshe sau biyu, ta juya kai, ta koma maɓoyarta. Kowane ɓera da ta ƙi kuma asara ce, don in ya narke ba a mayar da shi firiza. Kuɗinsa ya ishe ni amala da ewedu har da nama. Ɗan masta da ke sayen kayan aikin bincike da aljihunsa ya san zafin wannan.

Wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda ya ba ni gurbi a firizar samfura, shi ya kwantar mini da hankali. Na ce, "Baba, taurin kai ne da ita." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai kake ganin ɓera. Ita ba ta ga komai ba." Gaskiyarsa. Mesa ba da ido take tantance abinci ba. Harshenta ke ɗebo wari ya kai wa wata gaɓa a rufin bakinta. A leɓenta akwai 'yan ramuka masu jin ɗumin jikin dabba ko a cikin duhu. Sai kuma motsi. Wari, ɗumi, motsi. Ni kuwa duka ukun sun canza mata a lokaci guda, ga sabon ɗaki, ga hunturu, lokacin da irinta ke rage ci ko da babu wata damuwa.

To ga abin da muka bi, don masu tambaya ta.

Da farko muka gyara mazauninta kafin a yi maganar ci. Maɓoya biyu masu matse jiki, ɗaya a ɓangaren ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya a ɓangaren sanyi. In an ɗauke wuta da dare, kwalbar ruwan zafi nake naɗewa da tawul in jingina a jikin akwatin ta waje. Na daina ɗaukarta kwata-kwata, masu zuwa ɗaukar hoto da ita ma na ba su haƙuri.

Sannan tayi sau ɗaya a mako, bayan isha'i, fitila a kashe, don da dare take farauta. Kullum-kullum tayi tsorata ta yake ƙarawa. Makon da idanunta suka yi fari-fari za ta yi saɓa, ban ma gwada ba.

Ɓeran kuma ya narke sosai har ciki, sannan a sa shi a leda a tsoma a ruwan ɗumi har kansa ya kai ɗumin jikin mutum, wajen digiri 37. Girmansa kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Da dogon hantsaki ake riƙe shi ta baya, a ɗan girgiza kamar yana tafiya. Ba a dungura mata shi a fuska.

Duk ranar Asabar ina ɗora ta a sikeli. Wannan shi ya hana ni karaya. Ta fara da giram 1,240, a mako na tara tana 1,185. Baba ya ce in ta zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, sai likitan dabbobi. Da dare wani lokaci zuciya takan ce mini, kai dai ka sa yaran nan su kamo ɗaya kawai. Sai in tuna jaririn ɗakin da ke kallon nawa.

Abin da ya karya yajin ɗan tsako ne. Irinta a daji har tsuntsaye suna ci, Ibadan kuma cibiyar ƙyanƙyasar kaji ce, tsakin kwana ɗaya ba ya wuya. A mako na goma sha biyu na ɗumama mata ɗaya. Harshen ya fara fita da sauri-sauri, wuyan ya lanƙwashe, kafin in ƙifta ido ta cafke ta nannaɗe. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Maƙwabcina ɗan Idemili ta jihar Anambra, inda ba a kashe irin wannan mesa, ya fi ni murna.

Amma tsako gada ce kawai, ba a zaunar da ita a kansa. Mako na gaba na goga gashin tsako a kan ɓera, ta karɓa. Na sake sau biyu ina rage gogawar. A karo na huɗu farin ɓera zalla, ta haɗiye kamar da shi aka yaye ta. Bayan kowane ci kwana biyu ba na taɓa ta, kada ta amayar.

Wanda labarin nan ya burge, don Allah kada ya je daji ya ɗauko maciji. Kububuwa ma tana da zane a jiki, ita kuwa sara ɗaya take yi. Irin su Gimbiya suna iya haura shekara ashirin, kuma hannu sai an wanke da sabulu bayan kowane taɓi. Yanzu nauyinta giram 1,300, ni kuma babi na huɗu ke jirana a kan tebur. A sa mu a addu'a, Allah ya sa mu kare aikin nan lafiya.