Na Nufi Kudu Neman Zafi, Na Tarar Da Sanyi A Mambila

Ranar da zan bar Kano zuwa Gembu, a ƙarshen watan Maris, wani abokina da ya taɓa koyarwa a can ya gargaɗe ni da in tabbata na saka rigar sanyi da bargo a cikin jaka. Na yi masa dariya. A lokacin bazara ta kankama, ma'aunin zafi yana lasar digiri 40 da azahar, mutane sun ƙaurace wa ɗakuna sun koma kwana a tsakar gida. Na buɗe taswira na nuna masa cewa Kano tana kan digiri 12 arewa da layin Ikwaita, Gembu kuwa ba ta kai digiri 7 ba, wato kusan a jere take da Legas. Tun muna firamare aka cusa mana cewa duk wanda ya matsa kusa da Ikwaita zafi yake tunkara, to me zan yi da bargo? Bai yi mini gardama ba, ya ce dai gani ya kori ji. Na ɗauki rigar sanyin don kada ya ji haushi, bargon kuwa na bar shi a gida.

Har na isa Jalingo babu abin da ya ƙaryata ni. Zafin kwarin Binuwai ma ya fi na Kano nauyi, domin yana haɗe da gumi mai danƙo wanda iska ba ta busarwa. Washegari da sassafe muka ɗauki hanyar Bali, muka wuce Serti, mashigar gandun dajin Gashaka Gumti, gilasan mota a sauke, kowa yana fifita da abin da ya samu. Sai da muka kai Mayo Selbe, a gindin tsauni, direba ya tsaya ya duba ruwan inji da birki, ya juyo ya ce mini, "Malam, in kana da rigar sanyi ka fito da ita tun yanzu, don in mun fara hawa babu wurin tsayawa."

Hanyar tana nannaɗe da jikin dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Kunnuwana suka riƙa toshewa suna buɗewa. Ba mu yi rabin hawan ba na ji iskar da ke shigowa ta sauya, gumin bayana ya bushe, fasinjan da ke gaba ya ɗaga gilashi. Da muka fito saman tudun sai ga wata ƙasa daban: tuddai marasa iyaka lulluɓe da ciyawa, shanu warwatse a kansu, gajimare yana ratsa hanya ƙasa-ƙasa har direba ya kunna fitila da rana. Muka bi ta Maisamari da Nguroje, muka shiga Gembu dab da magariba. A daren nan na kwana da rigar sanyi da safa, na kuma roƙi mai masauki ya ara mini bargo. Da na kwanta na tuna dariyar da na yi wa abokina, kunya ta kama ni.

Abin da aka koya mana a makaranta ba ƙarya ba ne, rabin magana ce. Gaskiya ne cewa nisan wuri daga Ikwaita shi ne tushen yanayinsa. A yankinmu hasken rana yana sauka kusan a miƙe, ƙarfinsa ya taru a ɗan fili, a ƙasashen can arewa kuwa yana zuwa a karkace, ya bazu a fili mai faɗi, ya yi rauni. Duniya kuma a jirkice take da kimanin digiri 23.5, abin da ke kawo sauyawar lokutan shekara. Amma wannan lissafi shi kaɗai ba zai gaya maka dalilin da ya sa mutumin Legas ke kwana da fanka, na Gembu ke kwana da bargo ba, alhali rana ɗaya ce ke wucewa ta kansu a kusan kusurwa ɗaya.

Sirrin Mambila tsawonta ne. Tudun yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga saman teku, kuma a gefensa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu wurin da ya kai shi bisa a Nijeriya. Mutum zai zaci wanda ya hau dutse ya matsa kusa da rana, don haka zafi zai ƙaru. Abin ba haka yake ba, domin rana ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Idan iska ta yi sama, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe ta huce. Masana sun auna cewa a matsakaici zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: tsayin Mambila ya isa ya zabge kusan digiri 10 daga zafin bakin teku. Idan Legas tana kan 32, Gembu za ta kasance wajen 22. Dokar nan ce ta sanyaya Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ita ce ta sa mutanen Adis Ababa ke yafa mayafi, ita ce kuma ta ɗora ƙanƙara a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, duk da cewa digiri 3 kacal ke tsakaninsa da Ikwaita.

A kwana na uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, a lokacin da Kano ko hadari ba a fara gani ba. Nan ma dutse ne ke aiki. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Idan ta ci karo da tsauni dole ta hau, idan ta hau ta huce, laimar ta dunƙule ta zama girgije, ta zube. Saboda haka Mambila ke samun ruwan da ya haura milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma daga nan Kogin Donga ya samo asali. A ƙauyen Debundsha da ke gindin Dutsen Kamaru, inda teku da tsauni suka haɗa kafaɗa, ruwan shekara yakan kai milimita 10,000. Iskar da ta juye kayanta a gaban dutse kuwa, in ta gangara bayansa a bushe take sauka, shi ya sa a wurare da yawa na duniya za ka ga kurmi a fuska ɗaya ta tsauni, fako a ɗaya fuskar.

Mu mutanen Kano abin da ya fi shafar mu shi ne nisa daga teku. Ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa, don haka garin da ke bakin teku ba ya ganin tsananin zafi ko tsananin sanyi. Tsandauri kuwa nan da nan yake gasuwa, nan da nan yake hucewa. Shi ya sa muke ƙonewa a Afrilu, mu kuma yi rawar ɗari a Janairu, sa'ad da iskar hunturu ta taso daga Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Garin Berkoyansk na Sayiberiya ya kai wannan hali maƙura: an taɓa auna sanyin da ya kusa digiri 68 ƙasa da sifili a can, a shekarar 2020 kuma aka auna zafin digiri 38 a gari ɗayan. Akwai wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da wannan tafiya ta sa ni tunani. Rana tana tsayawa daidai saman kan Kano sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, amma na farkon ne kaɗai ke gasa mu. A Agusta girgije ya yi mana rumfa, ƙasa kuma a jiƙe take.

Teku ma ba duk ɗaya ba ne, domin a cikinsa akwai koguna masu gudu, wasu da ɗumi wasu da sanyi. Birnin Lima na ƙasar Peru yana kan digiri 12 kudu da Ikwaita, daidai nisan Kano ta arewa, ga shi kuma a bakin teku. Da lissafin firamare za a bi, da sai a ce gari ne na zafi da ruwan sama. Amma igiyar ruwan sanyi mai suna Hambolt, wadda ke tasowa daga kudancin Tekun Fasifik, tana sanyaya iskar gaɓar, ta hana ta tashi sama balle ta haɗa hadari. Sai Lima ta zama birni mai hazo da sanyi-sanyi, inda ruwan sama na kirki ya zama abin labari. A can arewa kuma igiyar ɗumi da ke fitowa daga yankin Tekun Meziko, tare da iskar yamma da ke kwaso ɗuminta, su ne gatan Ingila. Landan da yankin Labrado na Kanada kusan layinsu ɗaya, amma a Janairu mutumin Landan yana yawo a digiri 5, na Labrado yana fama da sanyin da ya zarce digiri 15 ƙasa da sifili.

Duk wannan ba ilmin cikin aji ba ne kawai, shi ne ke yanke wa mutane abin da za su ci da sana'ar da za su yi. Na ziyarci gonar ganyen shayi ta Kakara, na ga tsiron da ko wata guda ba zai yi a Kano ba yana sheƙi har iyakar ganin ido. Na ga gahawa da piya da dankalin Turawa a kasuwa da araha. Na zauna da wani dattijo makiyayi a bayan gari, na tambaye shi abin da ya kawo kakanninsa wannan tudu. Ya ce, "Ɗana, shanu ne suka kawo su. A ƙasa ƙudan tsando yana sa musu sammore, a nan sama sanyi ya hana shi zama." Sai ya nuna mini wani kwari da sandarsa, ya ce lokacin ƙuruciyarsa rafin wurin ba ya ƙafewa ko da rani, yanzu kuwa kafin watan biyu ya ƙare sai a sauka nesa neman ruwa. Shi a ganinsa laifin itacen turare ne da aka cika bakin rafuffuka da shi, bayan an sare itatuwan asali. Ragowar kurmin da ya ce ya sani, irinsa na gani a gandun Ngel Nyaki, ɗan tsibirin duhuwa a tsakiyar ciyawa.

Maganar dattijon ce ta biyo ni har gida. Babu mai iya matsar da Kano daga digiri 12, babu mai iya ɗaga ta sama ko janyo mata teku. Waɗannan rabonmu ne. Amma akwai sashe ɗaya na lissafin da ke hannunmu, wato abin da muka shimfiɗa a kan ƙasa. Itace yana ba da inuwa, yana kuma fitar da laima ta ganyensa, abin da ke sanyaya iska. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafi da rana su amayar da shi da dare. Mun sare darbejiya da maɗaci don faɗaɗa tituna, mun cike kududdufai mun yi gini, mun bar soron ƙasa mai kaurin bango, wanda kakanninmu suka ƙera daidai da wannan yanayi, mun koma ɗakin bulo da kwano, sannan muna mamakin yadda dare ya daina hucewa. Ga kuma ɗumamar duniya ta hau kan wannan. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi da marasa lafiya da dama sun rasa rayukansu a wancan zafi. Kayes ba ta fi mu nisa daga Ikwaita da wani abin kirki ba, kuma iskar da ke kaɗa mata ita ke kaɗa mana.

Ina kira ga malaman labarin ƙasa da su riƙa fitar da ɗalibai daga aji. Ba sai an je Mambila ba. Ma'aunin zafi ɗaya ya isa: a auna ƙarƙashin bishiya, a auna kan kwalta, a auna cikin soro da cikin ɗakin kwano, yara su rubuta bambancin da hannunsu. Wanda ya ga wannan tun yana ƙarami, idan ya girma ya zama mai tsara gari ko magini, zai yi tunani kafin ya ɗaga gatari.

Ranar dawowa, muna gangarowa Mayo Selbe na tuɓe rigar sanyi na naɗe, kafin mu kai Serti gumi ya dawo. Da na iso Kano abokina bai ce mini komai ba, ya tambaye ni dai ko bargon aron yana da kauri. Na ce masa yana da shi. Da ruwan farko ya sauka a wannan shekara, na dasa darbejiya biyu a ƙofar gidana, na kewaye su da ƙaya saboda awaki.