Abin da wani tsohon jirgin yaƙi ya koya mini

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na zanen injina ya dawo mini da takarduna babu maki. Na zana injin da zai sussuke masara, ya niƙa, ya tankaɗe, kuma ina so ya yi arha ya yi sauƙin ɗauka. Da jar biro ya rubuta tambaya ɗaya: “Wanne ne aikinsa?” Ya ba ni mako biyu in gyara, in ba haka ba in maimaita kwas ɗin.

Raina a ɓace na shiga ɗakin karatu. A can na ci karo da wani littafi kan jiragen ruwan yaƙin Birtaniya. Ni da ban taɓa ganin teku ba, sai ga ni har magariba ina karanta labarin jirgin Dreadnought.

Kafin 1906, babban jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igwogi huɗu masu faɗin baki inci 12, sannan a jera masa matsakaita da ƙanana. Kai ka ce yawan nan ƙarfi ne, amma akwai matsala. Idan aka yi harbi daga nesa, masu saiti suna kallon inda harsashi ya faɗa ya watsa ruwa ne, su gyara. To in igwogi iri uku suna harbi tare, wa zai tantance na wacce ya watsa ruwan? Sai saiti ya rikice.

Admiral John Fisher, wanda ya zama shugaban sojojin ruwan Birtaniya a 1904, shi ya dage a sauya tsari. Aka bai wa Dreadnought manyan igwogi goma, duk masu inci 12, aka watsar da matsakaitan, aka bar ƙananan kawai don korar ƙananan jirage. Aka kuma sa masa sabon injin tururi mai juya fukafukai, irin wanda Charles Parsons ya ƙirƙiro, har yana gudun kusan kilomita 39 a awa. An fara gina shi a Portsmouth a Oktoba 1905, aka saka shi ruwa a Fabrairu 1906. Nan take sauran manyan jiragen duniya suka zama tsohon yayi, har da na Birtaniyar kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin nauyi. Jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma abu uku ke rabon nauyin: igwa, sulken ƙarfe da inji. Duk wanda ka ƙara wa, daga wani ka rage. Taura biyu ba ta taunuwa.

Fisher yana son gudu. Saboda haka aka gina wasu jirage irin su Invincible, masu manyan igwogi da gudun kusan kilomita 46 a awa, amma kaurin sulkensu inci 6 ne, alhali na Dreadnought ya kai inci 11. A ranar 31 ga Mayu 1916, a gumurzun Jutland da jiragen Jamus, irin waɗannan jirage uku suka tarwatse: Indefatigable, Queen Mary da Invincible. Wuta ta isa ma’ajiyar albarushinsu, mutum fiye da 3,000 suka halaka. Sakacin da ake yi da albarushi don a yi saurin harbi shi ma ya taimaka. A Invincible mutum shida kacal suka tsira.

Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, domin a zanena na cire murfin da ke rufe bel don in rage kuɗin ƙarfe. Na tuna yaran da iyaye ke aika wa wurin injin niƙa a unguwarmu, da ’yan mata masu dogon hijabi da ke tsayawa dab da bel yana juyawa.

Na sake zanen daga farko. Na cire niƙa da tankaɗe, na bar sussuka kaɗai. Kuɗin da ya ragu na mayar da murfin bel, na kuma ƙara masa kauri. Malam ya duba, ya tambaye ni dalilin murfin, na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya sa hannu.

Makin da na samu ba wani na a-zo-a-gani ba ne, amma na haye. Yanzu duk zanen da zan fara, sai na rubuta abu biyu a saman takarda: aikin da injin zai yi, da wanda zai tsaya kusa da shi.